Hannun Daman Baba

Ina cikin aji a Kende ƙanena ya zo a kan babur, ya tsaya bakin taga, ya ce, "Yaya, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a Bagudo.

Mahaifinmu, Malam Manu, masunci ne, mai tsabta har ta yi yawa. Ko a cikin kwalekwale ba ya cin abinci sai ya wanke hannu da sabulu. Shekara uku kafin rasuwarsa hawan jini ya shanye masa hannun dama. Bai yi kukan rabuwa da kogi ba. Abin da ya ci masa rai shi ne cin tuwo da hagu. Yakan ture kwano ya ce, "Hannun da nika tsarki da shi? A'a." Haka ya yi ta ramewa muna kallo.

Ma'aikacin asibiti ya ce a samo abin da zai riƙa motsa yatsun. Ni na tsallaka iyaka zuwa wata kasuwa a ƙasar Benin na sayo masa gem na hannu, tsoho, mai cin batir huɗu. Daga wani fim ɗin faɗa aka yi shi: ɗan mutum yana gudu yana tsalle yana harbi, kai kuma kana danna maɓalli da babban yatsa. A lokacin shari'a ta kankama, an rufe gidajen kallo, kowa na taka-tsantsan da duk abin da ya shafi fim.

Baba ya tsani abin nan. Ranar farko ya sa aka kankare hoton ƙaton da ke jikin kaset ɗin da ake sa wa gem ɗin, mai bindiga ba riga, aka kashe kiɗan. "Wanga abu ƙazami na," in ji shi. "Mutum ba sallama, ba gaisuwa, sai kisa." Amma kullum bayan walaha yakan zauna a zaure, ya ɗora shi a cinya, ya yi ta fama da yatsan da ya ƙi jin magana, gumi na zuba. Masu wucewa suka gani, suka laƙaba masa Baba Mai Gem. Ni na ja masa wannan sunan, kuma har yau yana damuna.

A zaman makoki ne na ji abin da ya tayar mini da zuciya. Maƙwabcinmu Alhaji Tanko, wanda bai taɓa leƙo Baba ba duk tsawon jinyar, yana cusa shinkafar sadaka a baki, mai na bin gemunsa, ya ce wa na kusa da shi, "Allah dai shi gahwarta mai. An ce da wasan him a hannu yac cika." Wasu suka girgiza kai, suna jin daɗin tausayin. Tir! Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar ranar ba.

Na ce, "Alhaji, wa ya gani?" Ya ce, "Haka dai anka ce."

To ga abin da na gani da idona. Bara, wata ranar Juma'a, Baba ya yanko lomar tuwo da dama, hannun na rawa, miya na ɗiga a rigarsa, har ya kai ta baki. Ya yi hamdala, ya miƙo mini gem ɗin ya ce, "Aikinai ya ƙare. Jehwa shi kogi." Ban jefa ba. Shekara guda ke nan yana cikin akwatina a Kende. Inna, wadda ke kansa lokacin da zai cika, ta ce ruwan ƙarshe da ya sha, da kansa ya riƙe kofin, kuma da dama.

Ya Allah ka jiƙan Baba, ka yafe kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Ka ba Inna da ƙannena haƙuri, ka tsare harsunanmu daga naman mamata. Ranar da za a raba littattafai, ya Ubangiji, ka miƙa masa nasa a hannun nan da ya sha wuya a kansa. Amin.