Baƙin man da na shafa wa aladuna

Wata takwas ke nan ban rubuta komai a nan ba. Wasu sun turo saƙo ban amsa ba, wasu har gida suka zo suka tarar da ƙofa a kulle. Ku yi haƙuri. Jinya na yi, sai yau na ji ina da ƙarfin ba da labari.

Waɗanda suka san ni sun san bayan koyarwa a firamare ina kiwon aladu a bayan gidanmu a Kafanchan. Ƙazuwa ce babbar matsalar masu kiwo. Alade ya yi ta goga jiki da bango har fata ta yi jini, ya rame, mai saye ya raina shi. A wajenmu an saba shafa musu baƙin man inji, haka na taso na ga babana yana yi.

Shekara biyu da 'yan watanni da suka wuce, ina dawowa daga Kaduna, motarmu ta tsaya a Mararaban Rido. Na ga wani mutum da jarkoki cike da baƙin mai, mai kauri kamar kunun da ya kwana. Ya ce dagwalo ne da ake kwasowa in an wanke tankunan ɗanyen mai, wai ya fi na inji ƙarfi nesa ba kusa ba. Ni kuma da son araha, na sayi jarka uku.

Gaskiya ƙazuwa ta mutu. Duk Asabar nake shafa musu da tafin hannuna, ƙofar ɗakinsu a rufe don kada su gudu. Har katakon rufi na shafa wa saboda gara. In na gama sai in wanke hannu da kananzir. Warin yakan sa kaina ya yi nauyi, in ce ai ƙarfin maganin ne.

Gajiya ce ta fara. Rubutu a allo ya zama aiki.

Sai dasashina ya fara jini, baƙaƙen tabo suna fito mini a ƙafa ba tare da na bugu ba. Kun san halinmu, kowane ciwo taifod ne da maleriya. Sau uku na sayi maganinsu a kemis.

Wata Lahadi muna waƙa a zumuntar mata, na ga duhu, na faɗi.

A asibiti aka ce jinina ya yi ƙasa sosai. Aka ƙara mini jini leda biyu, na ji sauƙi, na koma gida. Bayan sati uku ya sake sauka. Nan aka tura mu Jos, ni da mijina Baban Joy.

Gwaji kan gwaji. Layi tun sassafe, kati a hannu, allura a jijiya har wurin ya yi tauri. Aka zuƙi ɓargo daga ƙashin ƙuguna, zafin da ba na fatan maƙiyina ya ji. Cittar da muka noma muka ajiye muna jiran farashi ya tashi, duk ta tafi a jini da gwaji da kuɗin mota.

Na ji tsoro. Na zaci ciwon daji ne, har na fara faɗa wa ƙanwata inda takardun makarantar yara suke.

Wata likita ce ta riƙe hannuna, ta dubi baƙin da ya maƙale a ƙarƙashin farce.

"Mama, me kike taɓawa da hannun nan?"

Na ba ta labari duka. Ta sa Baban Joy ya kawo kaɗan daga man a kwalba. Daga baya ta yi mini bayani cewa irin wannan shara ta mai tana da guba da ke shiga ta fata da ta numfashi, ta tafi ɓargo inda jiki ke yin jini, ta hana shi aiki.

"Ɓargonki ya gaji ne, bai mutu ba," in ji ta. "Amma in kin koma wa man nan, ba ni da abin da zan yi miki."

Saura jarka ɗaya da rabi a gida. Baban Joy ya ce zai zubar a kwata ko ya cinna masa wuta. Likita ta hana duka biyun: ruwan sama zai kai shi rijiya, hayaƙin kuma maƙwabta za su shaƙa. Sai Baban Joy ya toshe bakin jarkokin, ya kankare ƙasar ɗakin aladu ya zuba a buhu, jami'an kula da muhalli suka zo suka kwashe. Likitan dabbobi ya wanke aladun, ya yi musu allura. Ashe akwai allurar ƙazuwa tuntuni, ni ce ban taɓa tambaya ba.

Daga nan sai magani da jira. Gwaji kowane sati, ƙarin jini in ya sauka.

A wata na biyar likita ta dubi takarda ta yi murmushi, ta ce jinin ya hau da kansa, ba leda. Baban Joy, da bai yi hawaye a gabana ba tun farko, ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa matasan cocinmu da suka ba da jini, da 'yan zumunta da suka ciyar da yarana, da malaman da suka riƙe ajina.

Shawarata kaɗan ce. Kada ku sayi mai ko jarka ko durom da ba ku san me ya zauna a ciki ba. Kada ku zuba sharar mai a kwata, kada ku ƙona, ku nemi jami'an muhalli. In gajiya ta ƙi tafiya, ku yi gwajin jini, ku faɗa wa likita aikin da kuke yi da hannunku.

Abin da ya fi yi mini nauyi na bari a ƙarshe. Mata shida na koya wa shafa man nan, da bakina na yabe shi, har na ɗiba musu a kwalba. Da na samu ƙafa na bi su gida-gida. Biyar sun daina. Ta shida ta ce mini, "Maman Joy, naki jiki ne ba ƙarfi, ni ba abin da ya same ni."

Ni ma shekara guda da rabi ba abin da ya same ni. 'Yar'uwa, na san kina karantawa. Ranar Asabar zan zo kafin ki buɗe kwalbar.