Ƙwaƙwalwar Motar da Na Kashe Na Ce Ruwa Ne

Ana sallame sallar asuba muka bar Kamba, ni da Alhaji mai motar. Bari in fara faɗa muku abin da ya fitar da mu, don ku gane irin kunyar da na kwaso.

Ni makanike ne, ɓangaren wayoyi. Karatuna bai wuce firamare ba, sauran a gareji na koya. Shekara biyu ke nan ina taɓa ƙwaƙwalwar motoci, wato ɗan akwatin nan da ke ba inji umarni, da wata manhaja ta sata da na kwafa wurin aboki. Alhaji yana da bas ƙirar Turai mai dakon albasa. Ba ta jituwa da gas ɗinmu, tana cikin tafiya sai ta rage gudu da kanta. Ya aiko direbansa da ita. Na jona kwamfuta na fara rubuta mata sabon tsari, ban tsaya na kwafe na asalin na ajiye ba don ina gaggawa. Rubutu ya kai rabi, batirin kwamfutar ya ƙare. Mota ta mutu murus. Da Alhaji ya zo, na ce direba ne ya wanke inji, ruwa ya shiga akwatin. A gabana aka sallami mutumin, magidanci mai 'ya'ya biyar. Mako uku ke nan.

Na daɗe ina cewa zan sayi manhaja ta gaskiya, har na sayar da babur da raguna don haka. Alhaji ya ce mu ƙetara iyaka mu je Malanbil, inda motocin Kwatano ke ratsawa, in zaɓi wadda za ta tada motarsa. Ni kuwa abin da ke raina, in sami wadda za ta tada ta ba tare da ta tona ni ba.

A Dole Kaina muka shiga jirgin ruwa mai inji zuwa Lolo. Buhunan gero, babura uku, da wata mata mai kwandon busasshen kifi da ta zauna kan ƙafata har muka haye. Na naɗe ƙwaƙwalwar cikin tawul na rungume ta. Allah ya yafe mini, a tsakiyar kogi sai da Shaiɗan ya raya mini in bari ta suɓuce. Da ta faɗa, ai maganata ta zama gaskiya.

A Lolo muka canza kuɗi. Na ƙirga sau uku, mai canjin yana kallona kamar na zagi mahaifinsa. Daga nan sai kabu-kabu zuwa Madekali, hanya duk rairayi da ramuka. Wani jandarma ya tare mu ya ce in buɗe tawul. Na ce ƙwaƙwalwar mota ce. Ya ɗauka ya kaɗa ta kusa da kunne, ya ce shi bai ji tana tunanin komai ba, mu wuce.

A Garu muka karya. Shinkafa da ɗanyen kifi dala ɗari kwano, wato sefa ɗari biyar, kuma kifin bai kwana ba. Ko'ina fadamar shinkafa da rumfunan albasa, masu kekuna na ta wucewa da buhu a baya. Alhaji ya tsaya yana taya albasa yana tsaki, don kaka ce, kuma motarsa na kwance a garejina. Ni dai na kasa gama kwanona.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Malanbil. Kasuwa ta cika, manyan motoci jere bakin titi, a yi maka Dandanci, in ka yi shiru a juya Hausa. Can ba su cewa manhaja, lojisiyal suke cewa.

Na farkon da aka kai mu wurinsa, rumfa ce ta gyaran wayar hannu. Ya zaro kwali daga ƙarƙashin tebur, ya ce jikka sittin, wato sefa dubu sittin, kuma babu motar da ba ta buɗewa a duniya. Sai ya rage murya: kada in taɓa jona ta da intanet, kuma in mayar da kwanan watan kwamfuta baya. Nan na gane ta, uwa ɗaya uba ɗaya suke da tawa. Amma raina ya kwanta da ita, don irin wannan ba ta da bakin faɗin komai. Alhaji ya ce a gwada a kan tamu. Mutumin ya ce sai an biya. Alhaji ya gyara hula ya yi gaba.

Na biyu shago ne mai gilashi da sanyi, har da lemo aka ba mu. Tasa ta gaskiya ce, jikka ɗari biyu da hamsin. Sai da na matsa da tambaya ya ce ƙarama ce, babbar tana hannunsa. Duk abin da na kwafo daga mota a kulle yake zuwa, sai na turo masa ya buɗe ya gyara ya maido. Ke nan garejina a Kamba, wuyana a Malanbil. Ranar da muka ɓata, ko ya rufe shago, na sayi akwatin banza. Murmushinsa ma ya yi mini yawa.

Na uku wani dattijo ne Badande, garejinsa bayan filin duwan, wato kwastan. Babu allon talla, babu lemo. Tebur ne mai tsabta, da na'urar riƙe wuta kada ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Tasa jikka ɗari shida, kuma kowace shekara sai an sabunta, sai da intanet, sai an rubuta sunanka wurin kamfani. Shi na fi zargi duk cikinsu. Na raɗa wa Alhaji cewa wannan ɓarawon zaune ne, abin da ka saya a ce ka riƙa biya duk shekara? Mu koma wurin na biyu.

Dattijon ya ce, “Maigida, ba a sayen doki cikin duhu. Kawo akwatin mu gwada, in ba ta yi ba ku tahi da kuɗɗinku.”

Ya kwance murfin, ya duba, ya shinshina. Ya ɗora wasu siraran wayoyi a ciki. Ya nuna mini cewa manhajar ba ta yarda a rubuta komai sai ta kwafe abin da ta tarar ta ajiye. Muka zuba wa fuskar kwamfutarsa ido.

“Wa yat taɓa ta?” in ji shi.

Alhaji ya ce, “Ruwa ne. Direbana ya wanke inji.”

“Alhaji, wanga akwati bai ga ruwa ba, ko tsatsa babu. Rubutu aka fara mata aka yanke a rabi. Ruwa kuwa ba shi rubutu.” Ya juyo gare ni. “Wanda yay yi, ya ajiye na asali?”

Ina iya cewa wani gareji aka fara kai ta, maganar ma har ta zo bakina. Sai na ji na gaji. Na ce, “Bai ajiye ba. Ni ne.”

Alhaji ya kawar da kai daga gare ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Can ya ce, “Oga makanike, ni albasa na rasa. Direban fa?”

Dattijon ya koma kan aikinsa. Ya tura lambar akwatin wurin kamfani, muka je masallaci, bayan azahar suka turo tsarin asali. Ya rubuta shi a gabana, wuta a riƙe, bai amsa waya ba har ya gama. Abin da nake zargi, wato intanet da rubuta suna, shi ya cece mu. Kuɗina bai kai na duka ba, na sayi ɓangaren da ke aikin motocin gas kawai, jikka ɗari uku da hamsin. Ya zaunar da ni har la'asar yana sa ni kwafa da ajiyewa, kwafa da ajiyewa, kamar ɗan makarantar allo.

Mun kwana gidan wani ɗan garinmu, washegari muka juyo. A jirgi Alhaji ya zauna gaba, ni baya. Da muka iso Kamba na mayar da akwatin, murɗa ɗaya mota ta tashi. Alhaji ya ce ba ta fita daga garejin sai wanda na sa aka kora ya zo ya ja ta, kuma ni zan je in kira shi.

Na same shi tasha yana dakon buhuna. A gaban abokan aikinsa na faɗi komai, don a gaban mutane na ɓata shi. Ya sauke buhun ya share fuska.

“Ai na san ban wanke inji ba,” in ji shi. “Abin da ban sani ba, ko za ka zo.”

Ga abin da na koyo, 'yan uwana masu wannan sana'a. Kada ku sayi wadda aka hana ku jona ta da intanet. Ku tambaya babba ce ko ƙarama. Ku sa a gwada kafin ku biya, kuma kada ku rubuta kafin ku ajiye na asali. Na yini ina zargin mai canji da masu shaguna, alhali duk tafiyar nan maƙaryaci ɗaya na tabbatar da shi, kuma da shi na bar gida. Direban ya koma aikinsa. Yana amsa gaisuwata, amma har yau bai ce ya yafe ba, ni ma ban da bakin tambaya.