Baƙin man da Baba Ummaru ya hana mu

"Wace lamba kake zuba mata?" Haka makanike ya tambaye ni yau da na kai motata juyen baƙin mai. Sai na tuna Baba Ummaru, mai sayar da baƙin mai a Aliero.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Albasa ta yi albarka, kawuna ya sayi 'yar ƙaramar mota mai shan fetur, ta farko a gidanmu, ni ke tuƙa shi.

A wurinmu da yatsa ake zaɓen mai. A dangwala, a murza, wanda ya fi kauri shi ne mai kyau, tunda shi manyan motocin albasa ke sha. Da muka je wurin Baba Ummaru, kawu ya murza na cikin duronsa, ya ce a cika galan.

Baba Ummaru ya leƙa injin, ya dawo ya rufe duronsa.

"Alhaji, wanga na gingimari na. Injinka ƙarami na, in ka tashe shi da sahe, kahin mai kauri ya zagaya ƙarhe ya ci ƙarhe. Tahi Jega ka biɗi marar kauri, lambar da masu ƙera motar sunka rubuta."

Kawu ya ɓata rai. "Wato ba ka son ciniki?"

"Ina so. Amma ta ƙohwata kaka wucewa kullum. Da wane ido za ni kallon ka kana turin ta?"

Muka tafi Jega. Motar nan ta rayu har 'ya'yana suka koyi tuƙi da ita.

Ku fa, wa ya taɓa hana ku hajarsa don ya cece ku?