Na'urar da Ba Ta San Kunya Ba

Ana idar da sallar asuba muka bar Haɗejiya, muka nufi wani ƙauyen masunta a yankin Guri. Tafiyar ta wata malamar jami'a ce, mai binciken yadda masu lalurar galahanga, wadda kan sa mutum kauce wa haɗa ido, da sauran jama'a suke fahimtar juna. Ni da ban jima da kammala digiri a Hausa ba, aikina shi ne rubuta maganar mutane yadda ta fito daga bakinsu.

Da kwalta ta ƙare muka faɗa fadama, shinkafa dama da hagu, ciyawar kachalla kuwa ta shaƙe rafuka. A bakin gaɓa wata tsohuwa ta sayar mana da soyayyar tarwaɗa da araha, har direbanmu ya ce iyalinsa zai kwaso ya tare a nan.

Mai masaukinmu dattijo ne, ɗansa kuma saurayi ne mai wannan lalura. Dattijon ya ƙudura hana shi shiga kwalekwale, domin a ganinsa wanda ba ya kallon mai yi masa magana ba ya jin gargaɗi, kogi kuwa ba ya yafiya.

Malama ta kafa na'urarta a zaure, mai naɗar murya da bin inda ido ya dosa. Da aka gama hira da mutanen ƙauyen, sai na'urar ta nuna kusan kowa yana da alamar lalurar, har da dattijon, saboda duk sun sadda kai a gaban limamin garin. Liman ya ce ashe shi kaɗai ne lafiyayye a ƙauyen, kuma ba zai bari a manta ba. A nan Malama ta burge ni, don ba ta kare na'urar ba. Ta ce an ƙera ta ne inda ba a san sunkuyar da kai ladabi ne ba. Ta rufe ɓangaren ido, ta sake kunna muryoyin.

Muka ji dattijon yana cewa, "Ina gajiya?"

"Tana kafaɗata ta dama, Baba, tun jiya," in ji saurayin. Irin wannan amsa ce aka daɗe ana ɗauka rashin tarbiyya.

Muka kuma ji ya maimaita gargaɗin mahaifinsa game da wani gurbi mai zurfi, bai bar kalma ɗaya ba, sannan ya tambaya ko da damina kaɗai ake gudun wurin. Ba wanda ya amsa masa, hira ta wuce.

Da Malama ta tsayar da na'urar, dattijon ya juya ga ɗansa. "Da damina kaɗai ne. Ashe ni ne ban ji ka ba. In kafaɗar ta saki, kai za ka tuƙa."

Saurayin bai ɗago ba. Ya ce, "To, Baba."

Mun shigo Haɗejiya da la'asar sakaliya, ina ta juya abin a raina. Darasin da na koyo shi ne, idan mutum biyu suka kasa fahimtar juna, ba adalci ba ne a auna ɗaya a bar ɗaya.