Anti Nas, Ban Zo Na Ba Ki Haƙuri Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, 'yata ta dawo daga makaranta, ko jaka ba ta sauke ba ta shaida mini kin rasu bayan jinyar mako biyu. Na zauna a bakin gado. Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma.

Shekara sha tara kina nas a firamaren unguwarmu, a ɗan ɗakin nan mai gado ɗaya da kabad ɗin magani. Duk farkon zango kikan auna nauyin yara, amma ɗaya bayan ɗaya, ƙofa a rufe, domin a ganinki nauyin yaro ba labarin aji ba ne. Wanda ke gyangyaɗi da safe ba ki fara da magani, sai kin tambaye shi ko ya karya, ki ɗauko burodi da shayi. Har mai shagon bakin makaranta kin dame shi da magiya, sai da ya matsar da alewa baya, ya jera ayaba da dafaffen ƙwai a gaba.

Ni kuwa sanadin 'yata na san ki. Tana da shekara goma, mai jiki ce, a gida Buhu muke ce mata, har da ni uwarta. Na rage mata abinci, kullum ina yi mata gori da 'yar ƙanwata siririya. Da ta soma ramewa murna na yi. Ashe abincin da nake zuba mata rabarwa take yi a aji, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a layi.

Kika aika aka kira ni. Kika rufe ƙofa, kika ce, "'Yar'uwa, wata biyu yarinyar nan ba ta cin abincin rana. Ba tsokanar 'yan aji take gudu ba, bakinki take tsoro."

Gaskiya ɗaci gare ta. Na ce miki wadda ba ta haifa ba ba za ta koya mini riƙon ɗa ba. Na san shekarun da kika yi kina neman haihuwa, da gangan na faɗa. Ba ki rama ba. Kin dai roƙe ni a daina kiranta da sunan nan, kowa a gidan ya ci abu ɗaya, in za a hana lemon kwalba a hana har yayyenta.

Zango guda kina cin abinci tare da ita a ɗakinki, har ta koma ci ba ta ɓoyewa. Duk abin da kika ce na yi, yarinya ta murmure. Amma kunya ta hana ni tako ƙofarki. Shekara biyu ina aiko miki da gaisuwa ta bakinta, kina amsawa, ina cewa gobe zan zo.

Ki yafe mini, Anti Nas.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya ciyar da ke daga abincin Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da mahaifiyarki da ƙannenki, da malaman makaranta da ɗalibanta. Allah ya ba su haƙurin rashinki, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.