Abin da Na Haɗiya Don Kara

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu suka tambayi maigidana ko na rufe shafin ne. Ban rufe ba. Karatu ne ya gagare ni, balle rubutu.

Shekara da shekaru ina koyar da adabi a wata sakandare a nan Talata Mafara. Sai na wayi gari ina maimaita layi ɗaya ban riƙe komai ba. Ana zafin bazara ina neman bargo. Gashi yana zuba, murya ta dushe, gaban wuya ya ɗan tasa.

Wata rana ina gaban allo, darasin da nake koyarwa tun kafin a haifi ɗaliban ya ɓace mini ƙaf. Suka zuba mini ido. Da ma dariya suka yi.

Shugaban makaranta ya kira ni cikin ladabi, ya ce idan abin ya ci gaba za a ba wani ajina, ni in koma kula da sito.

Aka tura ni babban asibiti a Sakkwato. Sammako, layi, ɗibar jini, hoton wuya, a dawo wani makon. Kuɗin mota da na gwaji suka cinye awakin da nake kiwo. Ina zaune a benci ina tsoron a ce ciwon daji ne, ko a ce ƙwaƙwalwa ce ta fara tafiya.

Likitar mace ce. Ta ce, "Malama, ba daji ba ne. Akwai wani ɗan nama a gaban maƙogwaro, tayirod, shi ke ba jiki kuzari. Garkuwar jikinki ce ta juya tana cin sa." Ta rubuta mini ƙwaya ɗaya 'yar ƙarama, kullum da safe, da ruwa zalla, kafin komai ya shiga ciki.

Sai yayar maigidana, Hajiya Balki, ta zo jinya daga Maradun. Mutuniyar kirki ce, wannan ba zan ɓoye ba. Ta shafa wuyana ta ce, "Wanga maƙoƙo na, irin wanda Inna ta yi. Rashin sinadarin aidin na, kowa ya sani."

Ta zazzage jakarta. Ga ƙwayoyin ciyawar teku, ga na ƙarin jini, ga na ƙarfin ƙashi, ga bitamin D. Wata mata ce ta sayar mata a zauren mata na waya, ta rantse mata cewa duk na gina jiki ne, ba su da illa.

Kullum bayan asuba Yaya za ta dama fura da nono, ta zuba mini su duka a tafin hannu, har da ta likita, ta tsaya a kaina sai na haɗiye.

Na taɓa cewa, "Yaya, wannan ƙaramar ba a sha da abinci."

Ta ce, "Magani cikin wofi? So kike shi huda miki hanji? Sha, ɗiyar kirki."

Na sha. Ku da kuka san gidajenmu kun san dalili. Yayar miji ta baro gidanta, ta kashe kuɗinta, ta miƙo miki abu da hannunta. Ana ce wa wannan kara. Da ita aka raine mu, kuma ita ta kusa raba ni da hankalina.

Watanni suka wuce. Gwaji yana ƙara lalacewa, likita tana ƙara ƙarfin magani, ni kuma sunayen ɗalibaina suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Rannan likita ta ajiye biro ta ce, "Tsakaninki da Allah, da me kike haɗa ƙwayar nan?"

Da na koma, na tafi mata da jakar. Ta jera robobin a tebur. Ta ce nono da na ƙarin jini da na ƙashi suna tare ƙwayar a ciki, su hana ta shiga jini. Ta ɗaga na ciyawar teku ta ce, "Maƙoƙon mutanen da, na rashin aidin ne. Naki ba shi ba ne. Wannan cike yake da aidin, ke kuwa yawan aidin ƙara rura shi yake."

Ban yi kuka ba. Raina ne ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba. Akwai mai zaune da waya tana sayar wa mata abin da ba ta san aikinsa ba, tana haɗawa da addu'a.

Washegari da asuba Yaya ta miƙo hannu. Na ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri, amma na daina."

"To, ni ka son kashe ki ke nan?"

"A'a, Yaya. Ke so kike in tashi. Wadda ta sayar miki ce ba ruwanta."

Ta haɗa kayanta a ranar. Maigidana ya raka ta tasha, ya dawo bai ce mini komai ba sai, "Ki bi likita."

Likita ta bar mini biyu kawai, bitamin D da na ƙarin jini, don gwaji ya nuna ina da ƙarancinsu. Su ma sai da rana, nesa da ƙwayar safe. A hankali sanyin ya sake ni. Wata Juma'a na ɗauki littafi, ban farga ba sai da aka kira la'asar.

Ciwon bai tafi ba, ƙwayar ta zama abokiyar zama. Amma ajina yana hannuna. Alhamdu lillahi. Na gode wa likitata, da maigidana, da ɗalibaina da suka rufa mini asiri.

'Yan uwa mata, ba kowane kumburin wuya ne rashin aidin ba, ku je a gwada. Duk abin da kuke sha, ko an ce na gina jiki ne, ku kai wa likita robar ya gani. Idan babba ya miƙo muku magani, ku durƙusa ku yi godiya, sannan ku ajiye.

Yaya ta huce. Yanzu ita ke bugo mini waya bayan asuba. Kafin ma mu gaisa sai ta ce, "Kin sha? Da ruwa zalla dai ko?"