Ba Kewa Ce Ta Kashe Bidi Ba

Da daminar nan shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen ƙasar Gwaram suka sani da Maɗorin Zandam. Ni Malam nake ce masa, kuma haka zan kira shi a nan. Mahaifina ya koya mini riƙe alƙalami tun ina gidansa, ban taɓa amfani da shi don faɗa ba sai yau. Na rubuta takardar nan ne don a karanta wa waɗanda za su taru wurin sadakarsa, domin akwai labarin da ake bayarwa a kan goɗiyarsa, na gaji da jin sa.

Abin da ake faɗa daga Sara har kasuwar Birnin Kudu shi ne, wai da Malam ya rasu goɗiyarsa Bidi ta ƙi ci ta ƙi sha har ta bi shi, saboda tsabar ƙauna. Fatake suna ba da shi a zango, mata suna ba da shi a bakin rijiya, masu ji su girgiza kai su ce Allah mai iko. Labari ne mai daɗin ji, amma rabinsa ne kawai gaskiya. Ragowar rabin a gabana aka yi.

Malam ya sami Bidi tana 'yar duƙusa, uwarta ta mutu. Da nonon saniya ya raine ta a ƙoƙo. Ita ta riƙa kai shi duk inda aka karye, a ƙauye ko a cikin ganuwa, har a shekarun da mutane ke tsoron hanya saboda mahara daga duwatsu. Bai taɓa mallakar ƙaimi ba. Bulalar da aka ba shi kyauta kuwa, da ita muke korar kaji daga shanya. In ya fito daga sallar asuba, kafin ya gaisa da kowa a gidan sai ya je turke ya shafa wuyanta, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar yadda yake wa mai karaya kafin ya ja ƙashi. Na sha yi masa tsiya a kan haka.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Ruwa ya dake shi a hanyar dawowa daga wani ɗori, ya kwanta kwana shida, a na bakwai aka kai shi.

Na shiga takaba. Ƙofar ɗakina tana kallon turken, saboda haka ba wanda ya kai ni ganin halin da take ciki. Kwanakin farko, da an idar da sallar asuba sai ta miƙe kunnuwa ta fuskanci zaure ta yi haniniya. Duk wanda ya shigo sai ta dube shi, sannan ta kau da kai. Daga baya ta daina haniniyar. Ta sunkuyar da kai har leɓenta na kusa da ƙasa, ƙuda su cika mata ido ba ta ko kaɗa wutsiya. A zuba mata harawa ta shinshina ta bari. Na gane abin da ke damunta ba tare da an gaya mini ba, don ni ma a lokacin tuwo ba ya wuce mini maƙogwaro.

Washegarin sadakar bakwai, Garba ƙanin Malam ya shigo da sirdi a kafaɗa. Ya riga ya shaida wa mutane cewa shi zai ci gaba da ɗori, kuma a ganinsa ba za a yarda da maɗorin da ya zo a ƙasa ba. Ya ɗaura sirdi ya hau, ta ƙi motsi. Ya sauka ya ciro bulalar nan ta korar kaji. Ina jin saukarta daga cikin ɗaki.

Na yi magana ta bayan asabari, na ce, "Garba, ka bar ta. Ba taurin kai ba ne, kewarsa take yi."

Ya ce, "Haba Yaya, dabba ce fa. Ina ta san kewa? Marigayi ne ya sangarta ta."

Da duka bai yi ba, sai baffansu, Baba Idi, ya ce ciwo ne ya hau mata kai. Aka kira wani mai maganin dawaki. Mutum huɗu suka kayar da ita, aka gasa ƙarfe aka yi mata lalas a wuya da goshi, daidai inda Malam ke shafawa. Warin ƙonannen gashi ya yini a tsakar gida. Na aika wa Baba Idi cewa don Allah a ƙyale ta ta huta. Amsar da ta dawo mini ita ce mai takaba addu'a ce aikinta, ba sha'anin dawaki ba.

Ku duba wannan, ku da kuke saurare. Ni an ba ni wata huɗu da kwana goma. Ba wanda ya ce in tashi in yi daka, ba wanda ya ga laifina don na rame. Ita kuwa, da ta fi ni yawan yini da shi, ko kwana goma ba a ba ta ba.

Bayan lalas ɗin suka fid da rai, suka daina zuwa turken. Wannan sakacin nasu shi ne alherin da ta samu. Na ɗauko wata tsohuwar rigar Malam da ba a riga an wanke ba, na rataya a jikin turke. Ta daɗe da hancinta a cikin rigar. Kullum da hantsi in fito da tabarma in zauna kusa da ita ina kaɗi. A rana ta huɗu ta lashi dusa da kanwa daga tafin hannuna. Bayan mako guda ta fara jan harawa da kanta. Na sa aka matso da jakin gidan kusa da ita, wata rana na ga ta ɗora haɓarta a gadon bayansa. Haƙarƙarinta duk a waje, ƙafafunta na rawa, amma idonta ya fara dawowa. Bidi ta fara warkewa. Wannan shi ne abin da masu ba da labari ba su faɗa.

Sai aka aiko daga Yalwan Damai cewa wani manomi ya faɗo daga kan rumbu ya karye. Da sassafe na ji ƙarar linzami. Na ce, "Garba, ba za ta kai ba. Ka ba ta wata guda, ko ka hau jaki."

Ya ce, "Maɗori a kan jaki? Ai ta warke, jiya na ga tana ci."

Wannan karon da ƙaimi ya zo, ya aro. Ta tafi. A hanya, cikin taɓon wani fadama, ta durƙusa ba ta ƙara tashi ba. Ya kwance sirdinsa ya ɗauka ya ƙarasa a ƙasa, yadda da ma zai iya yi tun daga gida. Da ya dawo, shi ne mutum na farko da ya ce, "Baƙin cikin rashin Marigayi ne ya kashe ta." Mutane suka karɓa da hannu biyu, domin labari ne da ba ya neman kowa ya ji kunya.

Ni ma ina da nawa kason. Da safiyar nan ina jin ana ɗaure sirdi, taku goma ne tsakanina da ragamarta, na tsaya a bayan asabari ina magana. Na ɗauka takaba ta hana ni fita gaban ƙanin miji. Da na tambayi mahaifina daga baya, ya ce ba abin da ya hana ni tsayawa a tsakar gidana in riƙe igiya. Tsoron bakin mutane ne ya zaunar da ni, na laƙaba wa addini. Har yau ban gama yafe wa kaina ba.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. Yanzu dawaki sun fi na da yawa a ƙasar nan, suna sauya hannu tsakanin kasuwa da kasuwa, a raba doki da wanda ya saba da shi da safe, da la'asar a yi mamakin ya ƙi ci, a ɗauko ƙarfe a sa a wuta. Mutanen da ke yin haka su ne kuma ke zama da yamma suna yabon amanar Bidi. Malam ba mai yawan faɗa ba ne, amma na san abin da ke ɓata masa rai: mutumin da zai kwance ɗori kafin lokaci don yana gaggawar komawa gona. Irin wannan yakan ƙi yi masa magana har mako.

Abin da ya rage nasa ba shi da yawa. Akwai tsofaffi a Sara da Gwaram da ke tafiya da ƙafafun da ya haɗa. Akwai 'ya'yansa, waɗanda ba a taɓa ganin ɗayansu ya ɗaga hannu a kan dabba ba. Ɗorin kuwa ya bar gidan nan, domin Garba bai shekara biyu yana yi ba mutane suka daina aikowa.

Garba ya tsufa yanzu, idonsa ya yi rauni. Makon jiya ya zo gaishe ni a kan shirin sadaka, na gaya masa abin da nake rubutawa, ban rage komai ba. Ya daɗe yana murza bakin tabarma. Can ya ce, "Yaya, da na hau ta ran nan na ji ƙafafunta suna rawa tun daga ƙofar gida. Na ji. Kunyar sauka a gaban mutane ce ta hana ni."

Na ce masa na ji, amma ba ni kaɗai zai gaya wa ba. Ranar sadaka, idan mai karatu ya kawo nan, ya dakata. Garba yana zaune a cikinku, ya ce zai yi magana.